Amsa ga Alhajin da ya ce ba mu san aikinmu ba

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: in babu ƙwayar cuta, me ke kumbura ƙafar wanda ya yi targaɗe? Ka ƙara da cewa mu likitocin Jos da muke hana antibayotik a irin wannan hali, rowa ce da rashin sanin aiki. Zancen rowa na bar maka shi. Na rashin sanin aikin ne ya sosa mini rai.

Ƙwayar halittar jiki iri biyu take mutuwa. In wa'adinta ne ya cika, sai ta naɗe kanta, fararen ƙwayoyin jini da ake kira makrofaj su haɗiye ta, ba zafi ba kumburi. In kuwa bugu ko ƙuna ne suka fasa ta, kayan cikinta ne ke zubowa waje: ATP (sinadarin da ke ɗauke da makamashin ƙwayar), wani furotin da ake kira HMGB1 da gutsattsarin maitokondiriya, wato sassan da ke samar wa ƙwayar makamashi. Garkuwar da aka haife mu da ita tana jin ɗuriyarsu sai ta tashi. Maitokondiriya ma kama take da bakteriya, shi ya sa jiki ke yi mata tarbar da yake yi wa ƙwayar cuta. Makrofaj su saki IL-1, sinadarin da ke kai saƙon ɓarna, ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo cikin nama. Cikin 'yan sa'o'i niyutrofil, wasu fararen ƙwayoyin jinin, sun iso, bayan kwana ɗaya zuwa biyu wasu makrofaj su biyo sahu su kwashe matattun, gyara ya kankama. Tun 1994 masaniyar garkuwar jiki Polly Matzinger ta kawo ra'ayin cewa ɓarna kaɗai ta isa ta tayar da garkuwa.

To me antibayotik irin Ampiclox zai kashe a nan? Kumburin yakan kai maƙura a kwana 2 zuwa 3, sannan ya fara sacewa. A ɗaga ƙafar, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma na minti 15 zuwa 20. In fata ta yage, ko aka ga mugunya, ko jan wurin yana yaɗuwa da zazzaɓi, wannan kam asibiti. Haka in ƙafar ta ɗaure tamau, ciwo ya tsananta, yatsu suka yi sanyi: a ranar, ba gobe ba.

Shagon magani gare ka, Alhaji, kuma ban ga yadda za a raba tambayarka da cinikinka ba. Kafso huɗu da ake ƙirga wa mutum a leda don kumburi shi ke horar da ƙwayoyin cutar da ke jikinsa su daina jin magani. Ranar da ciwon gaske ya kawo shi gadon asibiti, mu ne muke rasa abin da za mu ba shi.

Wassalam,
wani likita a Jos