Godiya ta musamman ga masu haɗa fentin mota na Sabon Gari

Assalamu alaikum jama'a. Na ga ya dace in fito fili in gode wa wani shagon haɗa fentin mota da ke Sabon Gari nan Zariya, maigidan da yaransa gaba ɗaya, don abin da suka min ba kowa ne zai tsaya ya yi ba.

Ni dai ina da wata ɗabi'a da maiɗakina ke kira ɓata lokaci, wato haɗa ƙananan motocin roba, irin waɗanda ke zuwa a warwatse cikin kwali, kai za ka yanke sassan ka manna ka yi fenti da kanka. Wannan karon Nissan Skyline GT-R R34 ce ta kamfanin Tamiya na Japan, sikelin 1/24, ma'ana an rage motar gaske sau 24, ita ta gasken tsawonta mita 4.6 ne, tawa kuma ko santimita 20 ba ta kai ba. Shuɗin nan da aka san motar da shi nake so, Bayside Blue, na zaga daga PZ har Samaru ban samu ba, shi ne na ɗauki kwalina na nufi wajensu, ina ta tunanin dariya kawai za su min tunda fentin da nake buƙata bai fi rabin kofin shayi ba.

Wallahi maigidan ajiye aikin da ke gabansa ya yi, ya karɓi bodin ya jujjuya shi ya ce "Malam ai wannan roba ce ba ƙarfe ba, tinar da muke sirka fenti da ita cinye ta za ta yi." Sai ya ce in ba shi ragowar robar da sassan ke maƙale a jiki, ya ɗiga mata tina kaɗan, a gabana ta yi laushi ta yamutse. Daga nan ya ce sai an fara fesa firaima, wato fentin shimfiɗa da ake sawa kafin kalar gaske, shara-shara an bar ta ta bushe sosai, kuma a fara gwadawa a bayan cokalin roba kafin a taɓa motar.

Wajen haɗa kalar kuwa nan na san aiki ga mai ƙare ka. Ya ɗiga wannan ya juya, ya ƙara ɗan ƙyalli, ya fita waje da cokalin da hoton da ke wayata yana kwatantawa a rana, wai hasken shago ƙarya yake yi wa ido, ya dawo ya sake ɗigawa, ni har na ce ya isa haka Oga amma ya ce a'a da saura. Babban yaronsa ne ya yi feshin, ya rage iskar kwamfaresa ya tsaya nesa-nesa yana fesawa sama-sama don kar fentin ya taru ya cike layukan ƙofofi. Ga shi lokacin hunturu ne, ƙura ko'ina, sai da suka yayyafa ruwa a ƙasa, ana gamawa suka kife kwali a kai.

Sauran kwalliyar a gida na ƙarasa. Na ɗan rage wa motar tsayi daga ƙasa, na mayar da rim ɗin ruwan zinare, na huda salansa da ƙaramin diril, bel ɗin kujera kuma da yankan salatif na yi. Sanfefa mai lamba 2000 da ɗan folish da na goge bodin da su ma kyautarsu ce. Gilas dai ban kai masa sufa gulu ba don fari yake sa shi, gam mai ruwa-ruwa na sa.

Da na zo biya kuɗin kayan kawai ya karɓa, shi ma da ƙyar, ya ce na aikin in bar shi amma in kawo motar su gani in na gama. Na kai kuwa, yaran shagon har rige-rigen ɗaukar ta hoto suke.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa wa sana'a albarka, ya raya zuri'a. Toyota Supra na nan tafe, ku fara nemo min fenti mai ruwan lemo.

Naku, mai ƙananan motoci daga Samaru