Rahoton Ayyukan Shekara: Salon Shugabanci da Sakamakon Ɗalibanmu

Assalamu alaikum, 'yan uwa shugabannin makarantun sakandare da mataimakansu.

Kwamitin zartarwa na gabatar muku da abin da ƙungiya ta yi a shekarar karatun da ta ƙare. Kusan duk aikinmu ya tafi ne kan tambaya guda: me ke sa makarantu biyu a nan Zariya, cunkoson ajinsu ɗaya, ƙarancin malamansu ɗaya, amma guda ta riƙa fitar da masu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a WAEC da NECO, ɗayar kuma tana tafiyar hawainiya?

Mun yi bita sau ɗaya a kowane zango, sannan muka kai ziyarar juna tsakanin makarantun cikin birni, Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru. A bitar farko an tattauna salo ukun da masana suka daɗe da rarrabewa: kama-karya, shawara, da sakin ragama. Mai kama-karya yana samun malamai a bakin ƙofa kafin a buga ƙararrawa, amma tsoro yana hana su gaya masa cewa ba su gama manhajar zango ba, sai jarrabawa ta tona asiri. Mai sakin ragama kuwa, ranar Litinin yake sa hannu a tulin littattafan shirin darasi bai buɗe ko ɗaya ba, shi ya sa malami ke kwafo na bara ya miƙa. Hukuncin kwamiti shi ne shawara ta fi, muddin shugaban yana shiga aji da ƙafarsa.

A nan muka fi daɗewa, domin nan ne gizo ke saƙar. Tsarin da muka amince da shi ga shi. Ka sanar da malami kwana ɗaya kafin ka shiga. Ka zauna a bencin baya har minti 40 na darasin su cika, kada ka katse shi ko da ya yi kuskure a allo. Da an tashi, ka karɓi littattafan ɗalibai biyar daga layuka daban-daban, ban da 'yan gaba kaɗai, ka gwada abin da ke ciki da abin da malamin ya rubuta a dayari, wato littafin da yake rubuta abin da ya koyar kowane mako. Idan dayari ya ce an kai mako na bakwai, littafin yaro kuma ya tsaya a na huɗu, to ka san inda matsala take. Ka gana da malamin a ranar, ku biyu a ofis, ka fara da abin da ya yi daidai, sannan gyara guda ɗaya tak. Gyara a gaban ɗalibai yana zubar da girman malami, kuma ajin ba ya sake sauraronsa kamar dā.

Inda abin ya ci tura shi ne cunkoso. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare, kuma dukkanmu mun san ajujuwanmu sun wuce haka nesa ba kusa ba. Malamin Turanci ba zai iya duba insha'in kowa duk mako ba. Mun ba da shawarar ya raba ajin rukuni-rukuni, ya duba na rukuni guda kowane mako da jan biro da bayani.

Haka kuma mun ga ana barin aikin ɗakin gwaje-gwaje sai ana saura mako WAEC ta fara, yaro bai taɓa riƙe kwalbar awo ba. Maganinsa shugaba ya zauna da mataimaki mai kula da karatu da shugabannin sassa tun makon farko, a sa ranakun gwaji a jadawali, a kai buƙatar sinadarai gaban ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) da kwamitin gudanar da makaranta (SBMC) da wuri.

A shekara mai zuwa, in Allah ya yarda, kowane memba zai kawo takardu biyu na duba aji a taron ƙarshen zango, a cire sunayen malamai, mu nazarce su tare. Masu bashin kuɗin ƙungiya su ga ma'aji kafin a koma makaranta.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.