Wace Kotu Ce Ke Sama da Kotun Ƙoli?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai. Na daɗe ina koyar da tsarin mulki ga ɗaliban shari'a 'yan shekarar farko, kuma kullum da magana ɗaya nake buɗe aji: kundin tsarin mulki shi ne uban dokoki, kuma idan Kotun Ƙoli ta yi magana, an rufe babi. Bara wata ɗaliba da ke zama a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to Pakistan fa?" Na ɗan yi jim, don na san inda ta dosa.

A shekarar 2013 Kotun Ƙolin Pakistan ta soke yarjejeniyar haƙar zinare da tagulla a Reko Diq, lardin Balochistan, ta ce tun farko ba ta kan doka. Amma kamfanin Tethyan Copper, wanda Barrick Gold na Kanada da Antofagasta na Chile suka mallaka a lokacin, ya riga ya kai ƙara cibiyar ICSID da ke ƙarƙashin Bankin Duniya a Washington, mai sasanta rigingimu tsakanin masu jarin waje da gwamnatoci. A watan Yulin 2019 masu sasanci uku suka ce Pakistan ta biya kusan dala biliyan 6. A wannan watan ne kuma asusun IMF ya amince ya ranta wa ƙasar dala biliyan 6 don ta farfaɗo. Abin da aka ba ta da hannun dama, ana shirin karɓewa da na hagu, a kan ma'adinin da ba a ma fara haƙowa ba. Sai a 2022 aka sasanta, Barrick ya koma aikin.

Yadda wannan zaure yake aiki shi ne abin dubawa. Kamfani ya zaɓi mai sasanci ɗaya, gwamnati ta zaɓi ɗaya, a haɗu a kan na ukun. Ba alƙalan da aka rantsar a kan kundin wata ƙasa ba ne, yawanci lauyoyi ne masu zaman kansu. Babu ɗaukaka ƙara irin wadda muka sani, sai dai neman soke hukunci bisa wasu 'yan dalilai. Kuma ƙofar a buɗe take ga mai jarin waje kaɗai; manomin da aka gurɓata wa rijiya, ko ɗan kasuwar cikin gida, ba su da hanyar shiga.

Dubi abin da kamfanin sigari na Philip Morris ya yi wa Ostareliya. Ƙasar ta yi dokar da ta hana ƙawata kwalin sigari, babbar kotunta ta tabbatar da dokar a 2012. Kamfanin kuwa tun 2011 ya mayar da mallakar reshensa na Ostareliya hannun wani reshensa a Hong Kong, don ya samu inuwar wata yarjejeniyar kare jari ta 1993 tsakanin Ostareliya da Hong Kong, ya kai ƙara gaban masu sasanci. Masu sasanci sun kori ƙarar a 2015. Uruguay ma, wadda shugabanta na lokacin, Tabaré Vázquez, likitan ciwon daji ne, ta yi shekara shida tana fafatawa da kamfanin kafin ta yi nasara a 2016. Wani abokin aikina yakan ce, "To ai sun ci shari'ar, mene ne na kuka?" Nakan ce masa ya tambayi New Zealand, wadda ta dakatar da tata dokar tana jiran ta ga yadda za ta kaya. Idan majalisa ta fara lissafin diyya kafin ta duba lafiyar jama'arta, ai an ci ta da yaƙi tun ba a shiga kotu ba.

A ganina tushen matsalar daga ginin ne. An rubuta kundayen tsarin mulki don a ɗaure hannun mai mulki, domin a wancan zamani babu mai ƙarfi a ƙasa kamar gwamnati. Shi ya sa da Twitter da Facebook suka rufe shafukan Donald Trump a watan Janairun 2021, tanadin 'yancin faɗar albarkacin baki na kundin Amurka bai da ta cewa, saboda gwamnati ya hana, bai hana kamfani ba. Ko Angela Merkel, da ba ta shiri da mutumin, sai da ta nuna damuwa.

Ban ce masu zuba jari ba su da hujja ba. Akwai gwamnatocin da ke ƙwace dukiyar mutane da rana tsaka, akwai kotunan da ake juyawa ta waya. Amma Afirka ta Kudu ta nuna akwai wata hanya. Bayan wasu masu jari 'yan Italiya sun kai ta ICSID a 2007 kan dokar da ta tanadi kaso ga baƙaƙen fata a harkar ma'adinai, ta fara soke irin waɗannan yarjejeniyoyi na kare jarin waje, ta yi tata dokar kare jari a 2015. Kundinta na 1996 kuma, a sashe na 8, ya ce haƙƙoƙin ɗan Adam na iya hawa kan kamfani, ba gwamnati kaɗai ba.

Bana da shari'ar Reko Diq zan buɗe ajin. Kai kuma Edita, duk lokacin da wakilanka suka je ɗaukar hoton ministoci suna musayar takardun yarjejeniyar zuba jari suna murmushi, don Allah a samu ɗaya ya tambaya: idan rigima ta tashi, a gaban wa za a yi shari'ar, kuma majalisa ta karanta wannan sakin layi kafin a sa hannu?

Naka,
Wani malamin shari'a