A koya wa ɗalibanmu kutse da kariya a aikace

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu koyar da tsaron intanet a manyan makarantunmu. Kwasa-kwasan wannan fanni sun yawaita, amma har yanzu ana yaye ɗalibin da zai zayyano ire-iren hare-hare tiryan-tiryan a takardar jarrabawa, alhali bai taɓa ganin ko guda ɗaya yana faruwa a kan allon kwamfutarsa ba.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne rashin kayan aiki, kuma ni ban gamsu da shi ba. Kwamfuta ɗaya mai matsakaicin ƙarfi ta isa a ɗora mata VirtualBox, manhajar da ke ba da damar gudanar da wasu kwamfutocin kwaikwayo a cikin kwamfuta ɗaya, a girka Kali Linux, tsarin kwamfuta mai ɗauke da kayan gwajin kutse, a gefe guda a matsayin mai kai hari, a girka Metasploitable a ɗaya gefen, wadda da gangan aka gina ta da rauni domin a koyi kutse a kanta. Dukkansu kyauta ne, kuma da zarar an sauke su ba a buƙatar data. Ɗalibi zai sa Nmap ya lalubo masa ƙofofin da aka bari a buɗe, sannan ya shiga ta Telnet, tsohuwar hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yayin da Wireshark ke naɗar abin da ke wucewa, sai ya ga kalmar sirrin da ya rubuta da hannunsa ta bayyana ƙarara ba tare da wani lulluɓi ba. Wanda ya ga haka da idonsa ba sai an yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa ake ɓoye bayanai kafin a aika su ba.

Sai dai yaranmu sun fi ɗokin ɓangaren hari, domin shi ne mai armashi, alhali yawancin aikin yana ɓangaren kariya: rufe ƙofar da aka gano, sabunta manhaja a kan lokaci, bin diddigin wanda ya shiga da wanda ya fita, da ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban. Harin WannaCry, muguwar manhajar da ke kulle bayanan kwamfuta a nemi kuɗin fansa, na watan Mayun 2017, wanda ya shafi ƙasashe fiye da 150 har ya tsayar da ayyuka a asibitocin Ingila, ya bi ta wata ɓaraka ce da Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun watan Maris. Don haka ya kamata duk ɗalibin da ya yi nasarar kutsawa a tilasta masa ya toshe hanyar da ya bi, ya kuma rubuta rahoton da shugaban ma'aikata zai karanta ya fahimta.

Iyaye da yawa suna jin kalmar kutse sai gabansu ya faɗi, suna tuna 'yan damfarar da EFCC ke kamawa, kuma suna da gaskiyarsu. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, saboda haka darasin farko shi ne kada a taɓa na'urar kowa sai da rubutacciyar yardarsa. Mai son gwada gwanintarsa yana da shafukan intanet irin su picoCTF da TryHackMe da Hack The Box, inda aka tanadi na'urori musamman domin hakan.

Ina kira ga hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, da masu tafiyar da 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na horar da mutum miliyan uku kan fasahar zamani, da su riƙa shirya wa makarantun Arewa gasar kutse da kariya a kowane zangon karatu, su kuma malamai su ware rabin makin jarrabawa ga abin da ɗalibi ya aikata a gaban kwamfuta.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin kwamfuta, daga Zariya