Takardar Koke Kan Buƙatar Taswirar Filaye Daga Hoton Sama

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu gonaki da filaye na wannan gunduma mun kawo kukanmu kan rikicin iyaka da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Har yau shaidar iyakarmu bishiya ce, ko dutse, ko abin da wani dattijo ya tuna. In an sare bishiyar, dattijon kuma ya kwanta dama, sai shari'a. Burtali kullum ƙara tsukewa yake, ga fulotai ana yankawa a kan hanyar ruwa.

Muna roƙon ka isar da buƙatarmu ga ƙaramar hukuma da ofishin safiyo: a ɗauki hoton gundumar daga sama da jirgi marar matuƙi, a gyara shi ya zama wanda ake awo a kansa.

Gyaran nan shi ne ƙashin bayan aikin. Ɗanyen hoto ba ya ba da awo na gaskiya, domin kyamara takan karkace, gonar kan tudu kuma takan fito da girma fiye da ta kwari saboda ta fi kusa da kyamarar. Masu safiyo sukan shimfiɗa alamomi a ƙasa, su auna matsayinsu da GPS, su ɗauki hotuna masu hawa kan juna, sannan kwamfuta ta daidaita su da bayanan tudu da gangare, har ma'auni ya zama ɗaya a ko'ina. Hoton kyauta na tauraron ɗan'adam mai suna Sentinel-2 ba zai raba gardama ba, tunda kowane ɗigo a hoton yana ɗauke da faɗin mita 10 ne na ƙasa. Na jirgin kuwa santimita kaɗan ne, har shinge da bakin rijiya ana gani.

Ƙasar Ruwanda ta yi amfani da gyararrun hotunan sama tsakanin 2009 da 2013, ta shata filaye fiye da miliyan 10.

Sharaɗinmu ɗaya ne, ranka ya daɗe: kada aikin ya ƙare a kwamfutar ofis. A buga hoton a babbar takarda, a kafe a ƙofar fada. Kada a ja layin kowace iyaka sai maƙwabtan biyu na tsaye tare da mai unguwa, kuma a nemo wakilan marayu da matan da mazansu suka rasu, don su aka fi cin iyakarsu. Bayan haka a shigar da iyakokin cikin manhajar taswira tare da sunan mai kowane fili, a bar kwafi guda a fada. Muna kuma roƙon a dakatar da yanka sababbin fulotai har a kammala.

Allah ya ja zamaninka.

Naka masu biyayya,
Wakilan masu gonaki da filaye