Rahoton ayyukan shekara: abin da muka yi tare da masu ciki da masu jego

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, 'yan ƙungiya baki ɗaya, ga bayanin kwamitin zartarwa kan ayyukan shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, za ta karanto shi daban a babban taro. Kafin komai, muna yi wa waɗanda suka sauka lafiya barka da arziki, Allah ya raya. Waɗanda suka yi ɓari ko suka rasa abin da suka haifa, Allah ya ba ku haƙuri, ya musanya muku da alheri.

A babban taron bara ku ne kuka ba da shawarar a rage lacca a ƙara sauraro, kuma haka aka yi. Duk wata muna zama a ƙananan rukuni, masu ciki da waɗanda ba su daɗe da haihuwa ba, tare da ɗaya daga cikin iyayenmu da ta yi ritaya daga aikin ungozoma. Sharaɗin zaman shi ne ba a naɗar murya, kuma abin da aka faɗa ba ya fita da sunan mai shi. Da farko kowa na nauyin baki. Da tafiya ta yi tafiya, sai da muka riƙa ƙara lokaci.

Mun ji alheri mai yawa, kuma ya kamata a faɗe shi. Akwai wadda har yau take yi wa wata nas addu'a saboda ta riƙe mata hannu ta kira ta da sunanta a tsakiyar naƙuda. Amma mun ji abin da ya sa mu kuka. An daka wa wasu tsawa suna cikin ciwo, an mari wasu a cinya, an duba wasu ba labule ba mayafi, an yi wa wasu ƙari ba tare da an gaya musu ba, sannan aka ɗinke ba allurar kashe zafi. Wannan ba a kanmu aka fara ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Gana da Gini da Miyanma da Najeriya, wanda ya fito a mujallar Lancet a 2019, ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan sun gamu da wulaƙanci a lokacin haihuwa, kuma abin ya fi faɗa wa masu ƙarancin shekaru da waɗanda ba su yi karatu ba. Maganar da ta fi maimaituwa a bakin matanmu dai ita ce: na faɗa, ba a ji ni ba. A kan wannan magana muka ɗora yawancin aikin bana.

Ga misali ɗaya, da izinin mai shi. Wata ƙanwarmu mai cikin fari, tana wata na takwas, ta zo zama tana ta murza zoben da ya ƙi fita daga yatsarta. Ta ce kanta na sarawa kwana da kwanaki, ta sha magani bai bari ba, kuma wani lokaci tana ganin walƙiya-walƙiya a idonta. Ta faɗa a gida aka ce mata ai kumburi na masu ciki ne. Ungozomarmu ta zaunar da ita, ta ɗaura mata na'urar awon hawan jinin da kuka amince aka saya, ta bari ta huta, ta sake gwadawa. Duka biyun sun haura 140 bisa 90 nesa ba kusa ba. A ranar aka kai ta asibiti, aka ba ta gado, aka yi mata allurar maganiziyam salfet mai hana jijjiga, daga baya likitoci suka yanke shawarar a ciro yaron kafin lokaci. Ita da ɗanta suna nan lafiya. Hawan jinin masu ciki yana bayyana ne bayan mako 20, sau da yawa tare da furotin a fitsari, kuma yana iya rikiɗewa zuwa jijjiga ko da bayan an haihu. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, duk alamu ne da ba a kwana da su a gida. Sai dai muna jan hankali: na'urarmu ba ta maye gurbin awo ba, kada wata ta fasa zuwa asibiti don mun gwada ta.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa aƙalla sau 8, na farko a cikin makonni 12 na farkon ciki, tare da hoton ciki sau ɗaya kafin mako 24 da shan ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum. Da muka tambayi dalilin da ya sa wasu ke yanke awo a tsakiya, amsar ba ta da nisa: mace ta yi rabin yini a layi, a sallame ta cikin 'yan mintuna ba a yi mata bayanin komai ba. Wasu sun daina shan ƙwayar saboda tashin zuciya da taurin bayan gida, wasu kuma sun tsorata da suka ga bayan gidan ya yi baƙi, alhali da an gaya musu tun farko cewa aikin maganin ne da ba su ajiye shi ba. Saboda haka muka rubuta 'yar takardar tambayoyi da mai ciki za ta tafi da ita awo, wadda ba ta iya karatu kuma a haɗa ta da mai rakiya.

Rakiyar naƙuda ita ce ta fi ba mu wahala. Ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2018 sun ce a bar mace ta zaɓi wanda zai zauna tare da ita tun daga naƙuda har haihuwa. Mun horar da masu sa kai kan yadda ake tallafe mace, a ba ta ruwa, a taimaka mata ta canza kwanciya ko ta yi tattaki, a kira ma'aikaciya idan an ga abin da ba a gane ba, ba tare da shiga aikin da ba nasu ba. Da muka kai buƙatar ga asibitin da yawancinmu ke zuwa, suka ce ɗaki ɗaya ne da gadaje a jere, shigar baƙo tona asirin sauran mata ne. Hujjar tasu gaskiya ce. Ƙungiya ta ɗinka labule aka rataya tsakanin gadajen, yanzu ana barin mace ɗaya ta shiga da rana. Na dare har yanzu muna kan magana.

A zaman da muka yi da asibitin ne kuma muka saurari ungozomominsa. Sun gaya mana yadda mutum ɗaya ke kwana da mata da yawa suna naƙuda a lokaci guda, wuta ta ɗauke, safar hannu ta ƙare. Rahoton 2021 kan halin da aikin ungozoma ke ciki ya ƙiyasta cewa duniya na da giɓin ungozomomi kimanin 900,000. Mun tausaya musu ƙwarai, mun kuma faɗa musu a gabansu cewa gajiya ba ta halatta mari. Da yawansu sun amince, har wata ta ce ba ta taɓa jin yadda abin yake daga bakin mai haihuwa ba sai ranar.

A 2023 mata kimanin 260,000 ne suka mutu a duniya saboda ciki da haihuwa, kusan kashi 70 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara, kuma zubar jini na kan gaba a cikin dalilan. Idan mace ta zubar da rabin lita, wato mililita 500, a cikin awa 24 da haihuwa, an shiga haɗari, kuma ƙiyasin ido yakan raina jinin da ya zuba. Wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2023, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don tara jinin, tare da ba da duk matakan magani a lokaci ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Mun rubuta wa asibitin muna tambayar ko za a samar da wannan leda, muna jiran amsa. Abin da ke hannunmu kuwa shi ne jini da mota. Mun buɗe rajistar masu ba da jini daga cikin mazajenmu da 'yan'uwanmu da 'ya'yanmu, an gwada rukunin jinin kowa an rubuta. Asusun gaggawa ya biya kuɗin mota a duk lokacin da aka kira. Matsalar da ta rage ita ce wayoyin da ake kashewa da dare, alhali naƙuda ba ta san dare ba. Muna roƙon kowa da sunansa ke cikin rajista ya bar wayarsa a kunne.

Inda aiki ya fi ƙaranci shi ne bayan haihuwa. Da zarar jariri ya fito, hankalin kowa ya koma kansa, uwa kuma a ce ai ta sauka. Ƙa'ida ita ce a riƙe mai jego a asibiti aƙalla awa 24, a sake duba ta a kwana na 3, sannan tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na 6. Kaɗan ne daga cikin matanmu suka ce an gaya musu haka. Sun ba mu labarin zazzaɓi da fitar ruwa mai wari da suka daure wa har ya kwantar da su, da ɗigar fitsari da suka ɓoye saboda kunya, alhali yoyon fitsari ana gyara shi da tiyata. Wasu sun ce sun riƙa kuka ba dalili, ba sa iya barci ko da yaro ya yi barci, suna jin kamar ba su cancanci zama uwa ba, kuma duk wanda suka faɗa wa sai ya ce su gode wa Allah. Godiya ga Allah ba ta hana neman magani. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin kashi 13 cikin 100 na sababbin masu jego na fama da irin wannan ciwon damuwa, adadin kuma ya fi haka a ƙasashe masu tasowa. Masu sa kanmu na ziyarar gida ba su kai yawan masu jegon ba, shi ya sa wasu ba a leƙa su ba sai sau ɗaya.

Mun ware zama na musamman ga waɗanda suka haifi ɗa ba rai ko ya koma bayan haihuwa. Jarirai kusan miliyan 2 ake haifa ba rai duk shekara a duniya, amma kowace uwa tana jin kamar ita kaɗai ce. Wata ta ce an kwantar da ita a gado kusa da masu shayarwa, nononta ya kawo, babu wanda ya gaya mata yadda za ta yi da shi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mun roƙi asibitin a riƙa ware musu wuri, kuma wannan zama zai ci gaba ko da mutum biyu ne suka zo.

Taron maza bai cika ba, amma waɗanda suka zo sun yi tambayoyi masu ma'ana, musamman kan alamomin haɗari da tazarar haihuwa. Za mu sake kira a ranar da ba ta aiki ba.

A babban taro mai zuwa za a nemi amincewarku kan sayen na'urar awon jini ta biyu, da tsara direbobin da za su riƙa karɓa-karɓa da dare, da ko za a ƙara kuɗin wata-wata don asusun gaggawa. Muna kuma neman ƙarin masu sa kai na ziyarar masu jego, musamman iyayenmu da suka aurar da 'ya'ya suke da sarari. Duk mai niyya ta ba sakatariya sunanta kafin ranar. Masu ciki su zo da katinsu na awo.

Wassalam.

Sakatariya, a madadin kwamitin zartarwa