Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da na'urar gyaran totur

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kasuwa na tafiya lafiya.

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan ƙaramar na'urar nan da kuke tallatawa a Facebook da TikTok, wadda kuka ce tana kawar da fizgar totur a manyan babura masu injekta. A hannunku na saye ta, naira 85,000, rasit yana nan da hatiminku. Ba ta yi aikin da kuka ce za ta yi ba, ta jawo wa babur ɗina ciwon da ba shi da shi, kuma da na nemi kuɗina sai yaran shagonku suka rufe ni da "kaya in ya fita ba ya dawowa". Na bi ta waya, na bi ta WhatsApp, na tako da ƙafata, duk a banza. Shi ya sa na fito da maganar fili. Ban kama sunan kamfaninku ba saboda gyara nake nema, ba tozarci ba. Kun san kanku, waɗanda suka saya ma za su gane.

Babur ɗina na hannu ne, daga Turai aka shigo da shi, mai silinda biyu, inji 650, ƙirar 2017. A titin Zariya ko hanyar Wudil ba ni da abin cewa a kansa. Halinsa a cikin gari yake fitowa. Duk wanda ya taɓa kutsawa tsakanin 'Yankura da Bata da yamma, a giya ta ɗaya ko ta biyu, adaidaita sahu a gaba, mai kura a gefe, ya san abin da nake nufi. Ka saki totur, babur ya dunguro gaba sai ka ce birki ka taka. Ka ɗan murza, ko da kaurin farce ne, ya zabura. In ka goyo mutum kuwa, hular kwanonsa ta dinga ƙwalar taka ke nan har ku isa. Wannan dai abin dariya ne. Inda babu dariya shi ne a shataletale, babur a karkace, ga yashi a bakin kwalta, ka buɗe totur tayar baya ta karɓi ƙarfi gaba ɗaya lokaci guda.

Ba lalacewa ba ce, ku da kuke wannan sana'a kun fi ni sani. Dokokin hayaƙi na Turai ne suka haifar da ita. Daga Euro 3 a 2006, zuwa Euro 4 a 2016, zuwa Euro 5 a 2020, kullum ana ƙara matse wa masu ƙera babura yawan gubar da salansa za ta fitar. Sai suka bar kafireto suka koma injekta, rabon mai ya koma hannun ƙwaƙwalwar inji, wato ECU. Ita kuma rowa aka koya mata. A ƙaramin totur tana ba da mai daidai wa daida, kashi 1 na fetur ga kashi 14.7 na iska, ba ƙari. In ka saki totur babur na cikin gudu, sai ta datse man kwata-kwata, ba ta sake shi sai ka taɓa totur ko inji ya sauko kusa da silo. Tsakanin datsewar da dawowar man, nan fizgar take. Ɗan Boxer mai kafireto bai san wannan ba, domin ko ya saki totur akwai ɗan man da ke ci gaba da tsiyaya ta hanyar silo, shi ya sa nasa ke tashi a hankali.

To, ga abin da tallanku ya ce, hoton yana nan a wayata ko da za a goge shi gobe. Kun ce na'urar tana hawa kowane babur mai injekta. Kun ce a cikinta akwai sansa mai auna zafin iska, tana daidaita kanta da yanayi. Kun ce an gwada ta a zafin Afirka. Kun ƙara da cewa tana rage shan mai, wanda ko a lokacin ya ɗan ɗaure mini kai, don ban ga yadda abin da aikinsa ƙara mai ne zai rage shan mai ba. Na tambayi yaron da ke kan kanta, ya ce, "Alhaji, kai dai saka ka gani." Shi da kansa ya cire tanki, ya zare soket ɗin sansar iska, ya soka na'urarku a tsakani, ya ɗaure ta da roba. A riƙe wannan, don zan dawo kansa.

Da safe, inji na sanyi, totur ya ɗan yi laushi, ba zan ɓoye ba. Da inji ya ɗauki zafi sai fizgar ta dawo yadda take, ba ragi. Sannan sababbin abubuwa suka biyo baya. In na kashe babur da rana na shiga masallaci na fito, sai na yi ta danna sitata kafin ya kama, ya kama yana tari. Bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, ka shafa yatsa ya fito da kunkunniya. Warin ɗanyen fetur har a jikin riga. Tankin da ke kai ni ƙarshen mako ya daina kai ni. Da makanikena ya ciro fulogi, duka biyun sun yi baƙi, busasshen baƙi irin na mai ya yi yawa, ba jiƙaƙƙe irin na inji mai shan baƙin mai ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Shi ya tura ni wurin wani rewaya, dattijo mai haƙuri, wanda bai ce komai ba sai da ya ɗauko mitarsa. Ya ɗora wayoyin mitar a bakin na'urarku, ta nuna ohm 3,300, wato ma'aunin yadda abu ke tare wutar lantarki. Ya aiki yaro ya sayo ƙanƙara, ya naɗe na'urar a leda ya binne ta a ciki, ya jira, ya sake aunawa: 3,300. Ya shanya ta a kan kwanon rumfa rana na dukanta har ta gagari taɓawa, ya auna: 3,300. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ba ta jin sanyi ba ta jin zafi." Wani abokina da ya sayi irinta a wurinku, wanda tuni ya haƙura da kuɗinsa, ya ce a fasa tasa. Aka tsaga baƙin ƙoƙon, aka ɓanɓare daskararren gam ɗin da aka cika shi da shi. Abin da ke ciki rizisto ne ƙwaya ɗaya tal, wato ɗan abin da ke tare wuta da ma'auni ɗaya da ba ya canzawa, mai zane ruwan lemo, ruwan lemo, ja, irin wanda masu gyaran rediyo ke zubawa a gwangwani suna sayarwa da canji. Babu sansa, babu komai.

Bari in yi lissafin a nan, domin masu karatu su san ba zafin rai ke magana ba. Dabarar irin wannan na'ura ba ɓoyayya ba ce. Sansar iska tana gaya wa ECU zafin iskar da ke shiga inji. Iska mai sanyi ta fi nauyi, ta fi buƙatar mai. In aka ruɗi ECU cewa iskar ta fi yadda take sanyi da digiri 20, za ta ƙara mai da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari. Masu ƙera ta gaskiya suna saka sansa ta biyu a ciki domin tazarar nan ta digiri 20 ta tsaya a wurinta ko ana sanyi ko ana zafi, kuma kowane samfurin babur da tasa, saboda sansar wannan kamfani ba ita ce ta wancan ba. Taku lamba ɗaya ce ba ta motsi. Sansar da ke babur ɗina irin wadda aka fi samu ce: a digiri 20 tana nuna kusan ohm 2,500, a digiri 40 ta sauko kusan 1,200. Na'urarku kuwa lambarta take ƙarawa a kan ta sansar. Ɗora 3,300 a kan 2,500, ka samu 5,800, wato ECU ta ɗauka ana digiri 0. Tazarar 20 ke nan, daidai, in a ƙasar da ake digiri 20 kake. Amma ɗora 3,300 a kan 1,200, ka samu 4,500, wanda ECU ke karantawa kusan digiri 6. Ma'ana a Kano, a watan Afrilu, rana na digiri 40, babur ɗina yana zaton ana digiri 6, sanyin da ko a tsakiyar hunturu da wuya mu gan shi. Tazarar ta haura 30, ƙarin man a lissafi ya kusa ninki biyu. Gwargwadon zafin gari, gwargwadon ƙaryar da na'urar ke shararawa. Ina ne a Afirka kuka gwada ta?

Akwai abin da ya fi damuna a nan. A injuna da yawa, in ECU ta ga iska ta yi zafi sosai, takan ja lokacin wutar fulogi baya kaɗan don kada inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Wanda ya ce mata ana digiri 6 ya hana ta wannan kariyar, a lokacin da aka fi buƙatarta.

Ko da ta gaskiyar kuka sayar mini, da sauran magana, kuma ita ce ya kamata yaronku ya faɗa mini kafin ya karɓi kuɗi. Babur ɗina yana da sansar hayaƙi a jikin salansa. Da inji ya yi zafi, kana tafiya a hankali totur a tsaye, ita ke shinshina hayaƙin ta ce wa ECU mai ya yi yawa, a rage. Sai ECU ta zare ƙarin da na'urar ta saka, ta koma kan 14.7 ɗinta. Shi ya sa laushin ke zuwa da safe ya tafi da hantsi. Inda ƙarin man ke zama shi ne wurin tayar da inji, da lokacin ɗumama, da lokacin da ka buɗe totur sosai, wato duk wuraren da ban kai ƙara a kansu ba. Datse man da ECU ke yi in an saki totur kuwa, wanda shi ne tushen fizgar, babu ruwansa da zafin iska. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Da na kawo muku wannan bayani, amsa uku na samu daga bakin mutum uku. Na farko ya ce man bumburutu nake sha. A gidan mai nake shan mai, kuma man da nake sha kafin na'urar shi nake sha bayanta. Na biyu ya ce makanikena ne bai iya sakawa ba. Yaronku ne ya saka, a ƙofar shagonku, ina tsaye. Na ukun, wanda aka ce mini shi ne mataimakinka, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce wataƙila hannuna ne bai saba da babban babur ba. Furfurar da ke gemuna ta girmi wannan magana, ban tanka masa ba.

Don amfanin 'yan uwa masu babura, ga abin da ya rage mini fizgar bayan an cire na'urar an sa sababbin fulogi. Makanike ya ɗaure wayar totur, ya bar mata wasan milimita 2 zuwa 3 kamar yadda littafin babur ɗin ya ce, don da ta saki sosai. Ya ja sarƙa zuwa ma'auninta. Ya buɗe tayar baya ya samu robobin da ke tsakanin ƙafa da faifan sarƙa sun cinye, suna ba da gibi, duk sanda ka murza sai an ji "ƙwas" kafin taya ta ɗauka, ya canza su. Daga baya na samo hannun totur irin wanda bakinsa ba zagaye ɗaya ba ne, farkon murzawa yana jan waya kaɗan-kaɗan, sai ka yi nisa yake ja sosai. Wannan bai taɓa mai ba, bai ruɗi kowace sansa ba, hannu kawai ya ba wa sarari. Duka kuɗin bai kai abin da na ba ku ba. Sauran fizgar da ta rage tana cikin ECU, maganinta sai wanda ya iya sake mata lissafi da kwamfuta, a kan injin gwaji, yana kallon hayaƙi. Wannan aikin masana ne, ba a soka shi da soket.

Ranka ya daɗe, batun "kaya in ya fita ba ya dawowa" dokar shago ce, ba dokar ƙasa ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana tallan yaudara, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da bai yi aikin da aka sayar da shi dominsa ba. Rubutun da kuka manna a bango bai soke ta ba.

Abin da nake nema shi ne a mayar mini da naira 85,000 ɗina, da kuɗin fulogi biyu da na canza, rasit ɗinsu na nan. A mayar wa abokina nasa, duk da an fasa tasa, tunda fasawar ce ta nuna abin da ke ciki. A sauke tallan nan, musamman maganar sansa da maganar rage shan mai. Mai yiwuwa ku ma cinikin biri a sama kuka yi, wani ya turo muku kwali daga waje kuka sayar ba ku duba ba. In haka ne, ku fito ku faɗa, ku kira waɗanda suka saya, lambobinsu na cikin littafinku, ku ce su cire ta kafin zafin bazara ya kankama. Mitar aunawa ba ta da tsada, ƙanƙara ma haka, kuna iya maimaita gwajin dattijon nan a kan kantarku yau ɗin nan.

Tawa na'urar tana nan lafiyarta lau a cikin kwalinta, ba a fasa ta ba. Na ba ku mako biyu daga yau. In ban ji daga gare ku ba, zan kai takarda ofishin FCCPC da hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano, tare da rasit, da hoton tallan, da ɓarayin wadda aka fasa. A waccan takardar sunanku zai fito.

Wassalam.

Naku,
Abokin cinikinku mai babur,
Kano.